Dalmar da ban duba wa Yaya Ummaru ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Ummaru, malamin kimiyya da ya yi ritaya a Bakura. An yi ta yabonsa, kuma ya cancanta. Ni abin da zan faɗa laifina ne.

Yaya ya haɗa rediyo da hannunsa a cikin akwatin ƙarfe, irin wadda ake ji kuma a yi magana da ita. Yana da lasisi, ga eriya ya ɗaure daga darbejiyar tsakar gida zuwa katanga. Da hantsi yakan gaisa da mutanen ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

A bazararsa ta ƙarshe rediyon ta fara zamewa. Da zarar ta ɗauki zafi, sai muryar mai magana ta sirance ta ɓace. Ya ce matsalar daga osileta take, wato ɓangaren da ke tsayar da rediyo a kan zango ɗaya. Lokacin yanar ido ta rufe masa gani, sai ya aika mini Talata Mafara, inda nake gyaran wayoyi.

Na iso ina sauri, don abokai na jirana mu wuce ɗaurin aure Maradun. Ya ce in auna wuta, in ƙwanƙwasa kayan da tsinke, sannan in ɗaga allon da kayan ke kai, in duba dalmar da ta liƙe su ta ƙarƙashi. Na auna wuta, daidai take. Allon kuwa sai an kwance noti shida. Na ɗan yi ƙwaramniya da sukundireba, na ce, "Yaya, dalma lafiya lau."

"Ka duba ƙwarai, Sani?"

"Na duba."

Sai ya ce, "To, ni na kuskure lissafi. Tsufa ya zo." Ya lulluɓe akwatin da zane. Bai sake kunna rediyon ba har Allah ya karɓi abinsa da kaka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan, da kowa ke riƙe da wayar da bai san cikinta ba. Lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu, har muka riƙa tafiya mai nisa don kira ɗaya, na tuna da akwatin nan, amma na kasa zuwa inda yake. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sai bara na daure na je. Na kunna rediyon Yaya, na ajiye wata rediyo a gefe ina sauraron siririn fiton da osileta ke fitarwa. Ina taɓa ƙafar wata kapasita, ɗaya daga ƙananan kayan da ke kan allon, da tsinke, fiton ya yi tsalle. Na kwance notin shida. Ga dalma nan ta tsage kamar silin gashi. Gyaran bai kai tsawon alwala ba.

Matarsa, Yaya Hajara, na zaune bakin ƙofa tana gyaran gero. Na gaya mata komai, ban iya ɗaga kai ba.

Ta ce, "Ai ya sani. Ya ce mani bai ji ƙarar noti ko guda ba."

"To mi ya hana shi faɗi?"

"Cewa ya yi in ya kunyata ka, ƙafarka za ta ɗauke daga gidan ga. Ya fi son ka da rediyon."

Ilminsa ya tafi da shi, ban tsaya na koya ba. Rediyon tana aiki, amma ba ni da lasisin magana, sai dai saurare. Abin da ya rage mini shi ne sanin cewa ya haƙura da gaisawa da duniya don ya rufa wa ƙanensa asiri, har ya koma ga Mahaliccinsa bai nuna mini a fuska ba. Ban samu na roƙi gafararsa ba. Allah ya rufa masa asiri ranar da kowa zai tsaya.