Sallar Baba a Cikin Igiya

A bazarar 2013, wadda ta biyo bayan guguwar Sandy da ta rufe makarantu ta tsayar da jiragen ƙasa, Baba ya fara kai mu bakin teku. Ranar Lahadi ce, mun taso daga Islamiyya, ya loda mu a tasinsa daga unguwarmu ta Highbridge zuwa Rockaway, wani siririn yanki da ruwa ya kusa kewayewa. Mama ta ciko kula da dafa-duka, ni da ƙanwata Hadiza muna faɗa kan kujerar taga. Muka wuni muna gina gidajen yashi, muna tsere da igiyar ruwa, ina rubuta sunana da ajami a jiƙaƙƙen rairayi ruwa yana zuwa yana gogewa.

Da la'asar ta yi, Baba ya ɗauki darduma ya tafi neman wuri mai tsarki. Ko'ina sawun karnuka ne da mutane kwance rabi tsirara. Can gefe sai ya hango fili fari tas, an kewaye shi da igiya, babu mai giftawa. Bai tsaya karanta allon da ke jiki ba, ya tsallaka ya tayar da kabbara. Wata ƙaramar tsuntsuwa mai launin yashi ta riƙa zagaya shi tana kuka tana jan fiffike kamar ya karye. Sai ga wata Baturiya cikin kakin masu kula da wurin ta taho da sauri. Na tsorata, domin kullum Mama na cewa takardar laifi ɗaya tana iya taɓa lasisin tasin da muke ci da shi. Amma matar ta tsaya daga bayansa, hannu a ƙirji, har ya sallame. Sannan ta durƙusa ta nuna masa ƙwayayen tsuntsuwar masu ɗigo-ɗigo a cikin ɗan rami, ko taki ɗaya bai kai ba daga inda ya sa goshi. Irin tsuntsun ya kusa ƙarewa, shi ya sa aka killace masa wurin. Ba ta rubuta komai ba. Ta ce dai ya ba ta Asabar ɗaya ya taya su gadin igiya, ya ce in sha Allahu.

Asabar kuwa ranar kasuwa ce ga direban tasi, ga kuɗin haya ba ya jira. Bazara ta wuce, wata ma ta wuce. Duk sanda muke cin abinci ya shiga tunani, Mama takan ce, "Malam, ko tsuntsayen Baturiyarka ne?" Shi kuma ya amsa, "Ta jira ni na gama da Ubangijina, ni na bar ta tana jira."

Sai da ciwon baya ya raba shi da tuƙi muka hau jirgin ƙasa ni da shi muka koma. Muka same ta, furfura ta fito mata, ba ta ma gane shi ba sai da na tuna mata da darduma. Ta yi dariya ta miƙa masa hular masu gadi. Ya wuni tsaye a rana yana roƙon masu karnuka su zagaya, da guntun Turancinsa, 'yan tsaki kamar auduga suna gudu a bayansa.

Yanzu ni nake tuƙa kaina zuwa can, Baba ba ya iya doguwar tafiya. In na dawo yakan tambaye ni ko sun ƙyanƙyashe, sannan ya tambaye ni inda na yi salla.