Yadda Na Auna Gonar Baba da Ƙafata

Wani shuɗin ɗigo na fara gani a wayar saurayina, yana motsi a kan taswira kamar mai numfashi. Ranar kasuwar Ɗanbatta ce, zuwansa na uku zance gidanmu, ya jingine babur a bakin zaure. Ya ce tauraron ɗan'adam ne ke nuna inda mutum yake, kuma in na danna nan, nawa ɗigon zai same shi har Kano.

Lokacin littattafan soyayya sun cika mini kai. A cikinsu saurayi sai ya yi wata guda yana cigiyar gidan masoyiyarsa. Ni kuwa ga nawa, daga sama ake nuna masa ni.

Da damina ta kankama, ni ke kai wa Baba fura gona. Wata rana ina can saurayin nawa ya kira.

"Ranki ya daɗe, kina ina?"

"Gindin ɗorawarmu."

"Turo mini ɗigonki. In kin kai ciyawar gambar can ta iyaka ki sake turowa, so nake in ga tafiyarki."

"Kai dai ba ka da aikin yi."

"Ai ke ce aikin."

Haka na bi kusurwa huɗu ta gonar, zanena duk ƙarangiya, ina turawa ina murmushi ni kaɗai.

Bayan girbi sai ga mutane daga birni da turakun siminti da takarda, wai sun sayi gonar, shi ne ma ya rako su. A gaban dagaci mutumin nawa ya buɗe waya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da sanin gidan aka yi. 'Yarsa ce ma ta zagaya ta nuna iyaka, ga rana ga lokaci."

Baba bai ko dubi inda nake ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Duk igiyar awon da ke garin nan, mutum ya rasa abin da zai auna gonar da ke ciyar da mu sai ƙafar yarinyar da ke sonsa?

Dattawan da suka san wurin tun zamanin kakanmu sun ba da shaida, amma shari'ar ta ci damina biyu, an hana kowa sa garma. Gonar ta dawo mana ciyawa ta cinye ta, Baba ya yi ta fama da ita shi kaɗai, bai yarda na sake kai masa fura ba.

Shi kuwa saurayin ko kwana ɗaya bai yi a tsare ba. Yanzu in rigimar iyaka ta tashi a ƙauyukanmu, shi ake ɗaukowa a mota ya zo ya auna. Ana shimfiɗa masa darduma a gaba, ana ce masa Alhaji.