Hannun Arzika a Kan Ƙaramar Giya

Da daminar bana Arzika ya cika shekara talatin da rasuwa. Har yanzu in na ji tsohuwar mota tana tari a bayan gida, sai na ɗaga kai in ga ko shi ne ya zo ɗaukata. Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, kuma tun muna yara ba mu taɓa zama wuri guda ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Don haka masu karatu su yi mini haƙuri in sun ji ina yi wa mamaci tsiya. Da yana raye, in na fara yabonsa sai ya taɓa goshina ya ji ko zazzaɓi nake yi.

Arzika ma'aikacin buro ne, wato ofis, a Birnin Konni, ni kuma ina koyarwa a lakwal, makarantar boko. Bayan babban farin nan na shekarun tamanin, wani aikin haƙa rijiyoyi ya ƙare, aka yi gwanjon motocinsa. A can ya samo tasa, wata tsohuwar kat-kat, irin wadda tayoyinta huɗu duka suke ja. Ba da ƙafarta ta iso gida ba, babbar mota ce ta jawo ta da sarƙa. A gari irin Konni, inda duk mai mota ko haya yake yi ko fatauci, mutane suka yi ta tambayarsa hanyar da zai sa ta. Ya ce ba haya zai yi ba. Kaya zai ɗauka? Ya ce a'a. To me zai yi da ita?

"Sonta nikai," in ji shi. "Shi ke nan."

Wannan amsa ba ta shiga kan kowa ba, har da ni. Tun daga lokacin, duk ranar Lahadi in kana neman Arzika ka duba ƙarƙashin mota, za ka ga ƙafafu biyu sun leƙo. Ya ƙara mata ganyen sifirin har ta yi tsayin da mai babbar riga sai ya tattare kafin ya hau. Ya samo bututun famfo ya haɗa da hancin inji, ya bi da shi ta gefen gilashi har saman rufi, wai don ta riƙa shaƙar iska ko da ruwa ya kai mata wuya. Ya sa tanki na biyu, ya ɓoye ɗan famfon da ke raba su a ƙarƙashin kujera. Ya yi wani makunni na sirri da ke yanke wutar batir. Abin da bai samu a Konni ba ya tsallaka Sakkwato ya nemo, abin da babu a Sakkwato ya zauna kan mai walda sai an ƙera masa. Da tafiya ta yi nisa, ko wanda ya ƙera motar ba zai gane ta ba.

In ta tashi, ba kwalta yake nema ba. Yashin wajen Alela, hawan dutsen Badagishiri, duk hanyar da amalanke ke tsoro, ita yake so. Ni ne ɗan rakiya. Da bakinsa ya naɗa ni karen mota, kuma aikin karen mota uku ne: turi, ɗaukar ruwa, da yin shiru. Na ukun ne kawai na kasa.

Doka ɗaya gare shi: ba mai taɓa masa mota. Direbobin tasha sun roƙa, abokan aikinsa sun roƙa, bai ba kowa ba. Kusa da babbar giya akwai wata 'yar gajeriyar sanda, ƙaramar giya, wadda ake turawa in za a shiga taɓo ko yashi, mota ta rage gudu ta ƙara ƙarfi. Don neman faɗa nakan ɗora hannu a kanta, shi kuma ya make hannun ba tare da ya ko dube ni ba. Shekaru muka yi a haka, ina ɗorawa yana makewa.

Sai kuma al'adarsa a bakin ƙorama. Garinmu na haihuwa yana cikin ƙasar Malbaza, bayan wata ƙorama da ke bushe ƙayau da rani, amma in an yi ruwa a kan tudu ta taho da itace da gawar awaki. Ko ruwan bai wuce idon sawu ba, Arzika sai ya tsaya. Ya sauka, ya murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba don su kama ja, ya naɗe wando, ya ɗauki sanda ya taka ruwan da ƙafa har wancan gefe ya dawo. Sannan ya shiga, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan ƙaramar giya, har sai mun fita. Nakan ce masa ya je gaida surukarsa ne, ita ƙoramar. Tuƙi da hannu ɗaya kuwa na ɗauka yanga ce kawai, na kuma faɗa masa haka ba sau ɗaya ba.

Matarsa Rabi ta yi haƙuri da motar nan fiye da kowa. Ta haƙura da baƙin mai a tabarmi, ta haƙura da kwanon miya da ya koma na wanke kusoshi. Inda haƙurin ya ƙare shi ne gado. Tana da tsohon gadon ƙarfe na aurenta, an kwance shi an jingine a ɗakin ajiya tun da suka sayi na katako. Arzika yana neman ƙarafa biyu dogaye da zai riƙa shimfiɗa wa tayoyi in sun nutse. Ya ga gadon, ya ga ba a kwana a kai, ya kwashi gefunansa ya kai wa mai walda. Ranar da za mu tafi ƙauye duba gona ta gan su ɗaure a jikin mota.

"Malam, gadon da innata tas sai min shi ne kay yanke?"

Ya fara bayanin cewa ƙarfen da ne, yanzu ba a yin irinsa. Ita kuwa innarta ta rasu, gadon ne kaɗai abin da ya rage mata daga hannunta. Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Tun da aka yi aurensu, ranar ce ta farko da ya fita tafiya ba ta ce masa a sauka lafiya ba. Muka kama hanya. Can ya ce in mun koma zai ba ta haƙuri, bai san abin zai yi mata zafi haka ba.

Mun kwana a ƙauye, aka wayi gari da ruwa mai yawa. Da hantsi muna tsaye bakin gona yana nuna mini gero, sai na ga maganarsa ta karkace, sandarsa ta faɗi, shi ma ya bi ta. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya ƙi magana, amma idonsa biyu, yana jin duk abin da ake faɗa. Asibiti yana Konni, Rabi tana Konni, mu kuma muna bayan ƙorama wadda ta cika, ga wani hadarin yana haɗuwa a gabas. Mota ɗaya ce a garin, mai ita kuma ga shi kwance.

Aka kira Ɗan Jimma, wani dattijo da ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota kafin ya dawo noma. Ya hau, ya murɗa makulli, shiru.

"Mushe," ya ce da ni, don haka ake kiran malamin lakwal, "motag ga ko tari ba ta yi ba."

A wannan lokaci na ji haushin Arzika, haushi na gaske. Ga mota lafiyayya, ga direba, ga marar lafiya, amma rowar sirri ta sa muna tsaye. Na durƙusa ina laluben ƙarƙashin kujera, ina tuno inda na saba ganin hannunsa yana zuwa. Da ƙyar na gano makunnin batir. Ta tashi, ta yi 'yar tafiya ta mutu, sai na tuna da famfon tanki. Kafin mu bar gari rana ta ɗaga sosai, kuma har yau ban san abin da wannan jinkiri ya ci mana ba.

Muka zaunar da shi a tsakiya, Ɗan Jimma a sitiyari, ni a bakin ƙofa ina tallabe da shi. Samarin gari suka hau baya. A bakin ƙorama na sauka na murɗa makullan tayoyi kamar yadda na saba gani, na dawo. Ruwan ja ne, yana gudu.

"Ƙaruwa shikai, Mushe," in ji Ɗan Jimma. "In munka tsaya, nan za mu wuni."

Ya sa giya. Sai Arzika ya fara dukan gaban mota da hannun hagu, yana duka yana wani gurnani, idonsa a kaina. Na gane. Na tuɓe riga, na ɗauki sandarsa, na shiga ruwan da na yi shekaru ina yi masa dariya a kai. Ban yi nisa ba sandar ta shige ba ta taɓa ƙasa ba. Daidai inda muka bi jiya, ruwa ya cinye mashigin ya bar rami. Na yi sama kaɗan ina lalube, ruwa har ƙirji, har na sami inda ƙasa ke da tsakuwa. Na tsayar da samari biyu su zama alama, na dawo ina rawar sanyi.

Ɗan Jimma ya tura ƙaramar giya, ya kama sitiyari da hannu biyu. Kafin ya taka, Arzika ya miƙo hannun hagunsa ya kamo nawa. Na zaci tsoro ne, na ce masa in sha Allah za mu fita. Ashe ba haka ba ne. Ja ya yi, da ɗan ƙarfin da ya rage masa, har ya ɗora tafina a kan ƙaramar giya, ya ɗora nasa a sama ya danna.

Muka shiga. Ruwa ya hau kan hancin mota, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya rufe mana ƙafafu, inji yana shaƙar iska ta bututun famfon nan. A tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, sai na ji sandar tana harbin tafina, tana neman ƙwacewa ta koma baya. A nan na san dalilin tuƙi da hannu ɗaya. Giyar ta ci, in mota ta ji nauyi fita take yi, in kuwa ta fita a tsakiyar ruwa an gama. Na danne da duk ƙarfina, hannunsa yana bisa nawa. A gaɓar can tayoyin baya suka nutse a taɓo, samari suka kwanto ƙarafan gadon Rabi suka shimfiɗa, muka hau tudu.

Ya yi 'yan kwanaki a asibiti, magana ba ta dawo ba har ya rasu. Amma Rabi ta same shi da rai. Ina tsaye lokacin da ta durƙusa gefen gadonsa.

"Malam, na yahe. Gado ƙarhe na. Kai ma ka yahe min."

Ya ɗaga hannun hagun ya dafa kanta, hawaye na bin gefen fuskarsa. Daga baya ta ce mini da ya mutu a bayan ƙoramar nan, da ƙofar da ta ja ranar ba za ta bar ta ta yi barci ba har abada.

Yau an yi gada a wurin. 'Yan kabu-kabu suna wucewa a guje, ba wanda ya san akwai lokacin da ake kwana a gaɓa ana jiran ruwa ya janye. Kat-kat kuwa sun cika Konni, masu sheƙi, gilashi a rufe, maɓalli ɗaya za ka danna tayoyi huɗu su kama. Yawancinsu ba su taɓa barin kwalta ba. Nakan tambayi kaina me Arzika zai ce. Na san zai zagaya su yana taɓe baki, ya ce motar da ba ka iya kwance ta a ƙofar gidanka ba taka ba ce. Gadar kuma zai yi mata murna saboda mata masu naƙuda, sannan in ba mai kallo ya sauka ta gefenta ya bi ta cikin ruwa.

Motar ta yi wa garinmu aiki damina da yawa a hannun Ɗan Jimma, ta fitar da marasa lafiya da ban san iyakarsu ba, kafin injin ya gaji. Gangar jikin 'yan jari bola suka saya. Ƙarafan nan biyu ne Rabi ta hana, suna jingine bayan ƙofarta har yanzu, ba ta kuma yarda a mayar da su gado ba.

Ba zan ce taubashina ba shi da laifi ba. Mutum ne mai taurin kai, mai rowar abin da ya sani, kuma rowar ta kusa hana shi ganin iyalinsa. Amma abin da ya yi don sha'awa kawai, ana yi masa dariya, shi ya tsallakar da shi, ya tsallakar da wasu bayansa. Ina kewarsa ƙwarai, musamman ranar Lahadi, da ba ni da wanda zan tsokana. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ni dai har na yi ritaya ban koyi tuƙi ba. Jikokina kan tambaye ni ko na taɓa tuƙa mota, in ce musu a'a, amma na taɓa riƙe giya sau ɗaya. Su yi dariya, in bar su. Ba su san cewa hannun da ya yi shekaru yana make nawa shi ne ya ɗora shi a wurin ba, kuma bai ɗaga ba sai da muka kai tudu.