Shafin Musabaƙa da Sallar Azahar

Shekarar da na dawo Rano daga jami'a, kawuna ya tsaya gaban malamai ya ce ɗan ƙanwarsa zai yi wa musabaƙar Alƙur'ani ta makarantunmu shafin intanet. Da alƙalai sun ba da maki, iyaye a Kibiya da Rurum za su gani a waya. Malaman ba su so ba. Kawu ya ce shi ya tsaya mini.

Dabarar da na yi mai sauƙi ce. Waya ta tambayi kwamfutar da ke riƙe da shafin ko akwai sabon maki. Idan babu, kwamfutar ba ta sallame ta, sai ta riƙe ta har makin ya fito. Kowace waya mai jira tana cinye ma'aikaci guda a cikin kwamfutar, wanda muke kira zare, kuma zaren nan ƙidayayyu ne. Na gwada da wayoyi uku a ɗakina, na yi ta jin kaina.

Da safe komai ya tafi daidai. Aka kira azahar, mutanenmu kuwa ba sa shiga masallaci da waya a kunne. Kowa ya kashe tasa, shafin a buɗe. Kwamfutar ba ta san sun tafi ba, ta ci gaba da riƙe musu zare. Ana idar da salla suka kunna gaba ɗaya, kowace waya ta kama sabon zare, suka cinye ragowar.

Babban alƙali ya zo shigar da maki, babu zaren da zai karɓe shi. Su kuma zaren ba za su saki ba sai maki ya shiga. Na danna, na sake dannawa, gumi har cikin idona. Haushin kaina ya ishe ni. Ni da aka haifa a garin nan, na tuna da komai ban da salla! Layi ɗaya ne na umarni ban rubuta wa kwamfutar ba, wanda zai sallami mai jira bayan rabin minti.

Iyaye suka yi ta bugo waya. Wani malami ya aika a ɗauko allo da alli, yana murmushi.

Na miƙe zan yi bayani, Kawu ya dafa kafaɗata ya zaunar da ni. Ya juya wajen malaman, waɗansunsu ɗalibansa ne, ya ce, "Ku gafarce ni, malamai. Ni na kawo shi."