Mangwaro a Gonar Aro

Gonar da na yi shekara goma sha wani abu ina nomawa a hanyar Kurmin Kogi ba tawa ba ce, aro ce. Wani dattijo abokin mahaifina ya ba ni ita lokacin da aka turo ni koyarwa Ikara, don in huta da awo. Masarar da gidana ke ci shekara guda daga nan take fitowa. Sharaɗin ɗaya ne, ba a ma faɗarsa don kowa ya sani: ɗan aro ba ya dasa itace. Ka shuka abin da za ka girbe ka tashi. Wanda ya dasa itace kuwa, cewa yake yi gonar tasa ce.

Wata Laraba da damina na taso makaranta na biya ta gonar, sai ga farar mota a baki. Ma'aikatan gandun daji ne na jiha, ana gangamin dashen itatuwa. Gonar a bakin titi take, ta yi musu kyau a hoto. Har sun jera dashen mangwaro shida a gefen kunyoyina, kowanne an kewaye shi da ƙaya.

Na ja babbansu gefe na yi masa bayani. Mutumin kirki ne wallahi, amma ɗan birni. Ya yi dariya, wai ai alheri suka kawo mini, ya rubuta sunana a takarda a matsayin mai kula da dashen.

"Malam, za mu dawo dubawa," in ji shi. "Wanda ya tuge na gwamnati, shi ya sani."

To, ni ma'aikacin gwamnati ne, ga sunana a takarda, ina ni ina tugewa? Abin da ya kamata in yi shi ne in wuce gidan dattijon a ranar. Amma da yake kaina na da tauri, na ce bari sai Juma'a. Na manta 'yan acaɓa sun fi rediyo sauri. Ranar Alhamis babban ɗansa ya wuce a babur, ya rage gudu, ya kalli dashen ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu. A masallacin Juma'a dattijon ya miƙo mini bakin yatsu kawai.

Da la'asar na same shi a zaure. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, har da lafiyar makaranta. Tsawon gaisuwar nan ya fi komai tsorata ni. Na zayyana masa yadda aka yi, na ce Baba, in rantsuwa ce zan rantse. Ya daɗe yana jan carbi.

"Na yarda da kai, Malam. Amma ni tafiya zan yi, itace kuwa zama zai yi. Gobe 'ya'yanka su nuna shi, ga takarda da sunanka."

Ya ce in girbe masarata a tsanake, ba mai kora ta. Na gane. Na girbe, na kwashe kara, ban sake sa fartanya a wurin ba. Har yau abin na yi mini ciwo.

Ma'aikatan nan ba su dawo ba, ko sau ɗaya. Awaki suka cinye biyar, ɗaya ya tsira, ya zama ƙaton itace. Dattijon ya rasu, iyalinsa ke sayar da 'ya'yan mangwaron a bakin titi. Bara maiɗakina ta sayo a hanya ba ta sani ba, ta wanke ta ajiye mini a faranti. Na tambaye ta inda ta saya, ta faɗa. Na ce ta ba yara.