Allura ta Biyu

Damunar da na yi noman masara a gefen Falgore, zazzaɓi ya kama matata. Na kai ta kemis aka yi mata allura. Kafin la'asar ta fara susa, wuya da hannu duk sun yi ruɗu-ruɗu.

Ta ce, "Malam, jikina kamar an zuba min ƙaiƙayin gero."

Na ce ta daure, magani ne ke faɗa da cuta. Haka muka taso muna ji, in allura ta sa ka ƙaiƙayi, to ta karɓe ka. Washegari ni da kaina na mayar da ita aka yi ta biyu.

Ba mu kai gida ba leɓenta ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa. Na ɗaure ta a bayana da mayafinta, na kama hanyar Tudun Wada a babur. Duk ramin da muka faɗa sai in kira ta. Can a tsakiyar hanya ta daina amsawa.

Da ƙyar aka ceto ta a asibiti. Likita ya ce akwai wasu ƙwayoyin halitta a fata da wani maganin ke tsokana, su zubo abin da ke kawo ƙaiƙayi da kumburi, kuma har yanzu masana na bincike a kai. Ya ce ƙaiƙayin farko gargaɗi ne, bai kamata a yi ta biyu ba. Ni a firamare na tsaya, wa ya taɓa gaya min?

Sunan allurar na nan a takarda cikin hulata. Har yau in ta sosa hannu, ko da cizon sauro ne, sai in tsaya ina sauraron numfashinta.