Cokulan Roba a Adakar Maama

A gidanmu na unguwar Djamboutou kwano ɗaya muke ci da kakarmu, wadda muke kira Maama kamar yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiran tasu. Da an idar da magariba za ta janyo tabarma kusa da murhu, ta ajiye tuwon dawa a tsakiya, mu jikokinta huɗu mu kewaye ta. Sai an suɗe kwano take fara tatsuniya, garwashi yana ɗumama mana ƙafa.

Ni na fara ɓata wannan tsari. Shekarar da Kawu Sale ya samu tuƙin babbar mota zuwa Ngawundere, duk dawowarsa sai ya biya kafeteriya ya sayo mana taliya da ƙwai, kowa da robarsa, kowa da farin cokali mai yatsu wanda ake ci a yar. Ni ban yar da nawa ba. Kaina ya kumbura, na ce daga yau a riƙa zuba mini abinci daban, har tuwo da cokalin nake ci a bakin zaure. Ƙannena suka bi sahuna, aka bar Maama ita kaɗai da kwano. Ta yi dariya ta ce angonta ya zama Nasara, amma tuwon nata kullum sai ya yi saura. Can kuma cokulanmu suka fara ɓacewa, muka ɗora wa akuya laifi.

Wata rana bayan cin abinci Maama ta ce, "Ga ta nan ta iso, kowa ya gyara zama."

Wai an yi wani mutum mai gaggawa a bakin kogin Binuwai, ya sa masassaƙi ya yi masa hannun itace don kada tuwo ya ƙona shi. ’Yan gidansu suna jiran tuwo ya huce suna hira, shi kuwa tuni ya cinye rabonsa ya yi gaba. Ashe a wannan jiran ake faɗin duk maganar gida. Ranar da dattijon gidan ya ce ruwa na tafe, a tashi da asuba, shi ba ya wurin, kowa kuma ya ɗauka ya ji. Ya farka ya ga ruwa a ɗaki, gida ba kowa, hannun itacen yana yawo a kan ruwa.

Na tambaye ta ko ruwan ya ci shi.

"Ina fa, angona. Uwarsa ta duba cikin kwalekwale ta ga babu ɗaya, ta sa aka juya. Tatsuniya ta ƙare, wanda ya ji tasa ya ɗauka."

Na ji tawa sarai, amma girman kai ya sa sai da na ƙara kwana biyu a zaure. Ranar da na dawo na sa hannu a kwano, naman da ke gabanta kawai ta turo gefena.

Na daɗe ina zaton ladabin ci take koya mana. Bayan rasuwarta Innarmu ta buɗe adakarta, sai ga cokulan nan ƙarƙashin zannuwa, an wanke su tas an ɗaure da tsumma, har da nawa mai karyayyen yatsa. Ta ɓoye su don mu dawo, ta kasa jefa su a murhu don ta san muna son su. Na yi kuka sosai ranar.

Yanzu kusan kullum a wurin aiki da irin cokalin nake cin abincin rana, a tsaye, in jefa a shara. Amma da yamma a gidana kwano ɗaya ake kawowa, da zafinsa, kuma na hana a yi masa fifita.